Dokin teku: kifin da bai iya iyo ba

Doki ne ko kifi?

Kifi ne, kansa ne kawai ya ɗauko kamannin doki. Masana na kiran danginsa Hippocampus, kuma akwai iri sama da 40. Jikinsa ba ɓawo irin na sauran kifi, sulke ne na ƙashi da fata ta lulluɓe. Mafi girmansu, wanda ake samu a ruwan Ostareliya da New Zealand, yakan kai santimita 35. Ƙananan kuwa, wasu ba su cika santimita 2 ba.

To me ya sa ake cewa bai iya iyo ba?

A tsaye yake tafiya, da ɗan fiffike guda a gadon bayansa da yake kaɗawa sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, amma duk wannan hanƙoron ba ya kai shi ko'ina. Wani ƙaramin iri a gaɓar Amurka yakan yi awa guda bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Shi ya sa ya dogara da wutsiya: sai ya nannaɗe ta a jikin ciyawar teku ko reshen murjani, ya tsaya cik, igiyar ruwa ta yi ta wucewa. Wurin zamansa ke nan, ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, inda ciyawa ta yi duhu, da bakin koguna inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri.

Idan ba ya gudu, ya yake samun abinci?

Kwanton ɓauna. Yana sauya launi ya saje da wurin, idanunsa kuma kowanne na juyawa shi kaɗai, tamkar hawainiya. Da ɗan mitsitsin jatan lande ya matso, sai ya ɗaga kai ya zuƙe shi ta dogon bakinsa mai kama da bututu, kafin ƙiftawar ido. Ba haƙori, ba kuma tumbin da zai riƙe abinci, abin da ya ci yana wucewa ne nan da nan. Don haka kusan wuni yake yi yana ci.

Da gaske namiji ne ke ɗaukar ciki?

Da gaske. Namiji na da zabira a gaban cikinsa. Mace ce ke zuba ƙwayayenta a ciki, shi kuma ya barbare su a can, ya rufe bakin zabirar. Yana ba su iska, yana daidaita gishirin ruwan da suke ciki har ya kusan zama irin na teku. Bayan makonni kaɗan naƙuda ta kama shi, ya yi ta murƙususu yana feso 'ya'ya, daga gommai zuwa sama da 1,000 gwargwadon irinsa. Daga nan ba ruwansa da su, kuma kaɗan ne ƙwarai ke girma. Abin da ya fi burge ni shi ne gaisuwar safiya: a wasu iri, mata da miji kan haɗu kullum da sassafe, su sauya launi, su yi ta zagaya tare, sannan kowa ya kama gabansa.

Akwai shi a Afirka ta Yamma?

Akwai. Irin da ake kira Hippocampus algiricus yana zaune a gaɓa tun daga Senegal har Angola. Yawanci ragar masunta ce ke kwaso shi ba da niyya ba, sai a busar a tura Asiya, inda ake haɗa maganin gargajiya na Sinawa da shi. Tun 2004 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa ido kan cinikin dukan dawakan teku, amma har yanzu jami'an kwastan na kama busassunsu a buhuna.