Waiwaye: Amurka a 1943, shekarar da kuɗi kaɗai ba ya sayen nama

Daga ranar 29 ga Maris 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, duk matar da ta shiga shagon mahauci a Amurka farashi biyu take biya: dala da maki. Dalar tana jakarta, makin kuwa yana cikin wani ɗan littafi da gwamnati ta ba kowane mai rai a ƙasar, har da jarirai. In makin ya ƙare, ko dukiyar Ƙaruna gare ta sai ta jira mako mai zuwa.

Ba yunwa ce ta kawo wannan tsari ba. Ko bom ɗaya bai faɗa wa New York ko Chicago ba, gonaki kuma suna ba da amfani fiye da da. Wadata ce ta zo ba shiri. A 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da abin yi. A 1943 marasa aikin ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. Albashi yana shigowa, ga kuɗin ƙarin lokaci, amma tun Fabrairun 1942 aka daina ƙera motocin shiga, firji da rediyo suka biyo baya, masana'antun suka koma yin tankoki da jiragen yaƙi. Sojoji da ƙasashen ƙawance irin su Ingila da Tarayyar Sobiyet suna kwashe kaso mai tsoka na abinci. Kuɗi sun yi yawa, kaya sun yi kaɗan. Da an bar kasuwa ta yi halinta, mai hali zai kwashe, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Hana wannan shi ne aikin hukumar ƙayyade farashi da aka fi sani da OPA, wadda aka kafa a 1941, take aiki ta hannun kwamitocin unguwa sama da 5,000 na 'yan sa-kai.

Da tayar mota aka fara rabon, a Janairun 1942, saboda Japan ta auka wa Malaya da tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya, inda kusan kashi 90 cikin ɗari na robar Amurka ke fitowa. Sukari ya biyo baya a watan Mayu: rabin laba ga mutum ɗaya a mako, kimanin giram 225. Malaman makaranta ne suka yi rajistar jama'a a azuzuwa. Gahawa ta shiga a ƙarshen Nuwamba, laba ɗaya duk mako biyar ga babba, ba don Brazil ta rasa ta ba, sai don babu jiragen ruwan dakonta. Sukari da gahawa masu sauƙi ne: kan sarki ɗaya, awo ɗaya.

A 1943 ne lissafi ya shigo kicin. Littafin rabo na biyu da gwamnati ta fitar yana ɗauke da kan sarki shuɗaye da jajaye, kowanne da harafi da lamba. Harafin yana nuna lokacin da zai yi aiki, lambar kuma darajarsa: maki 8, 5, 2 ko 1. Shuɗayen na abincin gwangwani ne da busasshen wake da makamantansu, maki 48 ga mutum a wata, daga 1 ga Maris. Jajayen na nama ne, da man shanu, cuku, man girki da kifin gwangwani, maki 16 a mako. Kafin a ba gida littafin sai an faɗi yawan gwangwanayen da ke ajiye; duk wanda ya haura biyar ga mutum ɗaya, a cire kan sarki mai maki 8 a madadinsa. An kuma dakatar da sayar da abincin gwangwani na mako guda kafin ranar farawa, don kada masu kuɗi su share kantuna.

Hikimar makin ita ce ba a ce wa kowa ga abin da zai ci ba. Hukumar tana ɗaga makin abin da ya yi ƙaranci, ta sauke na wanda ya wadata, ta buga sabon jadawali a jaridu. Tsokar sa mai kyau tana cin maki da yawa, kayan ciki irin su ƙoda da ƙwaƙwalwa kaɗan. Man shanu ya fara da maki 8 laba ɗaya, kafin shekara ta ƙare ya kai 16, wato rabon mutum ɗaya na mako guda cur. Shi ya tura gidaje da yawa ga majarin, wanda a lokacin fari fat ake sayar da shi tare da ɗan ƙunshin launin ɗorawa, a cuɗa a gida, saboda dokokin da manoman madara suka sa aka kafa tun da daɗewa. Kaji, ƙwai, ɗanyen kifi, madara, biredi da ɗanyen kayan lambu ba su shiga rabon ba.

Dole a yage kan sarkin a gaban mai kanti. Wanda aka riga aka yage ba ya karɓuwa, don kada a riƙa cinikinsa. Mai kanti ya tara, ya kai banki, a zuba masa a asusun maki, ya rubuta wa dillali cekin maki kamar na kuɗi. Wanda bai tara maki ba ba zai samu sabon kaya ba. A takarda ba inda zai yi yoyo. A zahiri kuwa matsalar canji kaɗai ta isa ta tsayar da layi, sai a Fabrairun 1944 aka fito da ƙananan kwabbai ja da shuɗi masu maki ɗaya.

Inda tsarin ya fi yoyo shi ne nama, kuma laifin na masu tsara shi ne. An ƙayyade farashin nama a kanti da wurin dillali, aka bar farashin saniya mai rai. Masu kiwo suka ɗaga, mahautan da ke bin doka suka ga suna saye da tsada suna sayarwa da asara, sai dabbobin suka koma hannun masu yanka a ɓoye a rumbunan gona, ba likitan dabbobi, ba maki. Biranen gabas, masu nisa da wuraren kiwo, su suka fi ji a jika: ga maki a hannu, ga kanta ba komai. Wasu mahautan suna ajiye mai kyau a ƙarƙashin tebur don abokan cinikinsu na gindi, wasu su sayar da ƙaramin daraja a farashin babba. A wasu garuruwa har naman doki aka sayar a fili, tun da ba ya cikin rabo. Duk da haka, talakan da a shekarun 1930 ba ya ganin nama sai jefi-jefi, yanzu yana da albashi kuma doka ta ware masa kasonsa.

Man fetur labarinsa daban. A gaɓar gabas an yi ƙarancin gaske, domin jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen ruwan dakon mai daga Texas, har sai da aka shimfiɗa babban bututu mai faɗin inci 24 da aka kammala a 1943. A sauran ƙasar mai yana nan. Taya ake tattali. Daga 1 ga Disamba 1942 kowace mota ta samu takardar mannawa a gilashi. Mai harafin A galan huɗu a mako, kimanin lita 15, daga baya aka rage. B na ma'aikatan masana'antun yaƙi ne, C na likitoci da limaman coci da masu raba wasiƙu, T na manyan motoci. A tsarin farko na gaɓar gabas, a Mayun 1942, akwai kuma X, mara iyaka, wanda 'yan majalisa da dama suka karɓa, jaridu suka yi musu ca. Gudu bai wuce mil 35 a awa ba, wato kilomita 56, kuma ba a yarda mota ta mallaki taya fiye da biyar ba. A Janairun 1943 aka haramta yawon shaƙatawa da mota a jihohin gabas, jami'ai suna rubuta lambar motocin da suka gani a filin sukuwa ko ƙofar gidan rawa. Dokar ba ta yi ƙarko ba. Takardun da ake miƙawa a gidan mai kuma suna da sauƙin bugawa, jabu suka cika gari, shi ya sa aka tilasta wa direba rubuta lambar motarsa a kan kowace takarda.

Takalmi an sanar da shi ranar Lahadi 7 ga Fabrairu, kantuna a rufe, ƙafa uku a shekara. An koyi darasi daga gahawa, wadda raɗe-raɗin rabonta ya sa aka wawushe ta tun kafin a fara. Wata doka kuwa dariya ta jawo: a 18 ga Janairu aka hana gidajen biredi yanka shi, wai don tattalin takardar naɗi. Mata suka yi ƙorafi, aka rasa wuƙar biredi a kasuwa, kafin wata biyu aka soke. Kwabon santi ɗaya na shekarar ma da ƙarfe aka buga shi aka shafe da tutiya, don jan ƙarfe ya tafi harsashi. Yana tsatsa, ana rikita shi da mai santi goma, injinan sayar da kaya masu maganaɗisu kuma suna kama shi a matsayin jabu. Shekara ɗaya ya yi.

Lambunan gida su ne abin da ya fi yin nasara. Kimanin miliyan 20 aka shuka a bayan gida, filayen makaranta da kangaye, aka ƙiyasta sun samar da wajen kashi 40 cikin ɗari na ɗanyen kayan lambun ƙasar. Wahalar tana wajen adanawa a kwalba. Tumatir da 'ya'yan itace masu tsami tafasa ta ishe su. Koren wake, masara da nama kuwa ba su da tsami, zafin tafasasshen ruwa, digiri 100, ba ya kashe ƙwayar da ke haifar da guba mai shanye jiki. Sai tukunyar matsi da ke kaiwa digiri 116. Tukwanen sun yi ƙaranci, sai unguwa ta haɗu a cibiya ɗaya ana karɓa-karɓa. Waɗanda suka gwada tanda kwalabe sun fashe musu. Kitsen da ya rage a kasko ana tacewa a gwangwani a kai wa mahauci, a ciro sinadarin yin nakiya daga ciki. Daga Disamba ana biyan santi huɗu da jan maki biyu kan kowace laba. Gwangwani kuma a wanke, a cire takarda, a yanke bakin da gindin, a take shi, saboda kuzar da ke jikinsa. Rashin kuzar Malaya ɗin nan ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka tilasta wa dubban mutanen Arewa aikin haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944.

Sauran kuɗin da ke aljihu gwamnati ta bi su ta hanya biyu. Takardar lamunin yaƙi ta dala 18.75 tana zama dala 25 bayan shekara goma, yara kuma suna tara kan sarki na santi goma har su cika littafi. Daga 1 ga Yuli aka fara cire haraji daga albashi tun kafin ya iso hannu. Masu biyan harajin samu, waɗanda ba su wuce miliyan huɗu ba a 1939, sun haura miliyan 40 kafin yaƙin ya ƙare, kuma wannan cirewar ba a taɓa janye ta ba.

Hotunan lokacin suna nuna ƙasa mai kai ɗaya, abin da bai cika zama gaskiya ba. Mata miliyoyi sun shiga masana'antu, amma mai tashi daga aiki da yamma takan tarar an kwashe kanti, kuma wuraren renon yara irin na tashoshin ƙera jiragen ruwa na kamfanin Kaiser a Portland, masu aiki dare da rana, 'yan kaɗan ne. Masu haƙar kwal a ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu John L. Lewis sun yi yajin aiki sau da dama a shekarar, suna cewa an daskarar da albashi, farashi bai tsaya ba. A Detroit, inda baƙaƙe da fararen kudu suka kwararo neman aiki har ana kwana a gado ɗaya bi-da-bi, rikici ya ɓarke ranar 20 ga Yuni, mutum 34 suka mutu, 25 baƙar fata. A watan nan dai sojojin ruwa a Los Angeles suka riƙa dukan samari 'yan asalin Meziko suna tuɓe musu manyan kwat ɗinsu, da sunan suna ɓarnar yadi. Mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan kuwa, akasarinsu 'yan ƙasa, an kwashe su daga gidajensu tun 1942, mafi yawansu kuma a sansanoni suka yi shekarar.

An saki gahawa a Yulin 1943, man fetur a Agustan 1945, nama a Nuwamba. Da aka sassauta ƙayyade farashi a 1946 kaya suka yi tsalle. Da aka maido da shi kan nama sai masu kiwo suka riƙe dabbobinsu, kantuna suka bushe, Shugaba Truman ya janye dokar a watan Oktoba, ana saura makonni a yi zaɓen majalisa. Sukari ne ya rage a littafi har tsakiyar 1947.