Jinin Al'ada a Shekarun Balaga

Jinin al'ada, ko haila, jini ne da mahaifa ke zubarwa idan wata ya zagayo ciki bai shiga ba. Yawancin 'yan mata kan fara ganinsa suna da shekara 12 zuwa 13, kimanin shekara biyu ko uku bayan ƙirgar dangi. A farkon lamari ba ya da tsayayyen lokaci, domin ƙwai bai fara sauka kowane wata ba. Likitoci na ɗaukar tazarar kwana 21 zuwa 45 tsakanin wani jini da wani a matsayin lafiya ga budurwa, muddin zubarsa ba ta wuce mako guda ba.

Ciwon mara shi ne ƙorafin da ya fi yawa. Wani sinadari da ake kira prostaglandin ne ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa, shi ya sa maganin ciwo na ibuprofen da ɗumama mara da ruwan ɗumi ke kawo sauƙi. Sai dai akan ce wa yarinya ta yi haƙuri, wai in ta yi aure zai daina. Wannan magana ta cutar da mata da dama. Ciwon da ke kwantar da yarinya, ya hana ta makaranta, magani kuma ya kasa, yana iya zama endometriosis, cutar da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, kuma takan faro tun ana budurwa.

Idan jini na jiƙe auduga duk awa ɗaya ko biyu, ana duba ƙarancin jini da cututtukan da ke hana jini daskarewa, musamman ta von Willebrand.

Rashin zuwan jinin ma abin dubawa ne: yarinyar da ta kai 15 ba ta fara ba, ko wadda ya ɗauke mata wata uku. Wata yarinyar ana haihuwarta da tantanin budurci a rufe ruf, jinin ya yi ta taruwa a ciki, tana murƙususun ciwon mara duk wata, wani lokaci har fitsari ya gagara. Ƙaramar tiyata a asibiti ke buɗe shi. A ƙasar Hausa akan kai irin wannan yarinya wurin wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri, aska kuwa na iya huda mafitsara ta bar ta da yoyon fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya yankan gishiri da cire angurya cikin nau'o'in kaciyar mata, wadda dokar tarayyar Najeriya ta 2015 ta haramta.

Fitowar nono kafin shekara 8, ko jini ga yarinyar da ba ta nuna alamar balaga ba, na buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.