Waiwaye: yadda faɗi, tsayi da wuta suka raba kan masu sintasaiza mai sassa-sassa

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin Eurorack, wato wani tsarin sintasaiza mai sassa-sassa, don ya ɗora sabon sashe ya san wannan ɗan lokacin da zuciya ke bugawa. Ga faffaɗar waya mai siraran igiyoyi 10 ko 16 manne da juna, ɗaya daga gefe an shafa mata jan layi. Ka karkata fitila, ka leƙa allon da ke raba wuta, kana neman inda aka rubuta -12V, domin can ne jan layin zai fuskanta. In ka juya ta, wani sashen ya yi shiru kawai, wani kuma ya mutu nan take. Ni na taɓa juya ta. Ɗan ƙara na ji, sai ƙaurin roba ya cika ɗakin, sashen da na yi watanni ina tara kuɗinsa ya tafi ke nan. Tun daga ranar nake tambayar kaina yadda aka yi kayan kiɗa masu tsada haka suka rataya a kan jan layi guda. Amsar tana cikin tarihin abin, kuma tarihin ya haura shekara 60.

Sintasaiza mai sassa-sassa na'urar haɗa sauti ce da ba a ɗinke cikinta ba. Sashe guda yana haifar da sauti, wani yana tace shi, wani yana ƙara masa ƙarfi ko ya rage, wani kuma aikinsa kawai ya riƙa ba sauran umarni da lantarki. Mai kiɗa shi ke jona su da wayoyi yadda ransa ya so. To kafin sashen wani kamfani ya zauna kusa da na wani su yi aiki tare, sai sun dace ta fuskoki da dama: tsayin fuskar da faɗinta, inda ramukan sukuru suke, irin wutar da suke ci, kaurin filogin, da kuma yawan volt ɗin da ke nufin sauti kaza. Waɗannan su ne ƙa'idojin da ake ta kai ruwa rana a kansu.

A 1964 Robert Moog ya nuna sassansa na farko a taron injiniyoyin sauti a birnin New York, bayan ya yi aiki da mawaƙi Herbert Deutsch. A ƙaramin garin Trumansburg yake ƙera su. Fuskokinsu dogaye ne, inci 8.75, kuma faɗinsu yana tafiya ne ninkin inci 2.125. Filoginsu mai kaurin kwatan inci ne, irin na jita, mamurɗansu kuwa manya, yatsa ya kama sosai. Amma babban gadon da Moog ya bari ba ya ganuwa da ido: ƙa'idar volt ɗaya ga kowace oktaf. Ma'ana, ka ƙara volt 1, sautin ya ninka kaifinsa; ka ƙara kashi ɗaya cikin 12 na volt, wato wajen milivolt 83, ya hau mataki guda a kan kibod. Lissafi ne mai sauƙi, tarawa da ɗebewa kawai, shi ya sa ya rayu har yau.

A can gabar yammacin Amurka kuwa, Don Buchla yana nasa aikin a daidai wannan lokaci, tare da Morton Subotnick da Ramon Sender na cibiyar kiɗan faifan tef da ke San Francisco. Buchla bai yarda da kibod irin na fiyano ba, ya sa faranta da ake taɓawa da yatsa. Fuskokinsa inci 7 ne. Ya kuma raba hanya biyu: sauti yana bi ta ƙaramin filogi, umarnin lantarki yana bi ta filogin da ake kira ayaba, wanda ake iya cusa wani a bayan wani a tara su a rami guda. Daga baya na'urorinsa suka tsaya kan volt 1.2 ga oktaf, don kowane mataki ya zama kashi ɗaya cikin goma na volt cif. Serge Tcherepnin, wanda ya fara nasa a makarantar CalArts a farkon shekarun 1970 da niyyar samar da abin da ɗalibai za su iya saya, ya ɗauki tsayin inci 7 ɗin, amma ya ce lantarki lantarki ne, babu dalilin raba shi: komai ya bi ta filogin ayaba, launin rami ya nuna aikinsa.

Abin lura shi ne, a wancan zamani babu wanda ya kira waɗannan ma'aunai ƙa'ida. Kowane kamfani gidansa yake ginawa, kuma bai yi tsammanin baƙo zai shigo ba. In ka sayi Moog, Moog za ka ci gaba da saya. ARP 2500 na 1970 da makunnai masu zamewa ake jona shi, VCS3 na kamfanin EMS na Ingila da ƙananan fil da ake sokawa a allo. Hatta abin da ke gaya wa na'ura "fara yanzu" bai zo ɗaya ba: a wurin Moog ana haɗe waya da ƙasa ne, a wurin wasu ana tura volt sama. Korg da Yamaha na Japan kuma suka bi wani lissafin dabam, inda sai an ninka volt ɗin kansa kafin a hau oktaf: 1, 2, 4, 8. Ka jona Korg MS-20 na 1978 da kibod ɗin da ke bin tsarin Moog, za ka ji sauti, amma kowane mataki a karkace zai fito.

Daga nan kasuwar ta mutu murus. Minimoog na 1970, ƙaramar na'urar Moog da aka ɗinke cikinta, ya riga ya nuna cewa yawancin makaɗa abin da za su saɓa a hammata su hau dandali suke so. A watan Janairun 1983 aka jona sintasaiza biyu, Prophet-600 na Dave Smith da Jupiter-6 na Roland, a bainar jama'a ta hanyar MIDI, wato ƙa'idar dijital da na'urorin kiɗa ke magana da juna da ita, a shekarar kuma Yamaha ya fito da sintasaizar dijital DX7. Manyan kabad-kabad masu wayoyi suka koma kayan da jami'o'i ke neman kai da su.

MIDI ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne madubin da ke nuna abin da sintasaiza mai sassa-sassa bai taɓa samu ba. Kamfanoni masu gogayya da juna sun zauna, sun rubuta takarda, sun amince, sun kafa ƙungiyar da za ta kula da ita. Shi ya sa kibod ɗin 1984 yake magana da kwamfutar yau ba gardama. A ɓangaren sassa kuwa, irin wannan zama bai taɓa yiwuwa ba, har gobe.

Abin da ya faru a maimakonsa shi ne Dieter Doepfer. A 1995 wannan Bajamushe, mai ƙaramin kamfani a gefen birnin Munich, ya fito da tsarin A-100, wanda ma'aunansa ne aka sani daga baya da Eurorack. Bai zauna ya ƙirƙiri ma'auni ba. Ya duba abin da masana'antun Turai suka riga suka cika kasuwa da shi, wato firam ɗin da ake jera allunan lantarki na Eurocard a ciki, ya ɗauka. Shi ma wannan firam ɗin jikan kantar ƙarfe ce mai faɗin inci 19, wadda kamfanin wayar tarho na Amurka ya daidaita tun farkon shekarun 1920. A wannan kanta ana auna tsayi da U, kowane U inci 1.75 ne ko milimita 44.45. Moog 5U ne, Buchla da Serge 4U, Doepfer ya ɗauki 3U. Fuskar sashe ta zama milimita 128.5, an ɗan rage daga 133.35 saboda leɓen ƙarfen da ake ɗaure ta a kai. Faɗi kuma ana ƙirga shi da HP, kowane ɗaya milimita 5.08, layi guda na kantar yana cin 84. Filogi ya koma ƙarami mai milimita 3.5, wuta +12 da -12, sai faffaɗar wayar nan mai jan layi, wadda ita ma kayan kwamfuta ce da ake samu ko'ina a kan kuɗi kaɗan.

Duk zaɓin nan araha ce ta jawo shi, kuma ban ga laifin haka ba. Arahar ce ta mayar da abin da jami'o'i da manyan taurari kaɗai ke iya mallaka ya zama abin da mai albashi zai tara sashe-sashe. Sannan Doepfer ya yi abin da ya fi komai tasiri: ya wallafa ma'aunan a fili, har da bayanin wace igiya ke ɗauke da wace wuta, bai hana kowa bi ba. Mutum ɗaya da ke aiki a garejinsa zai iya ƙera sashe guda tak ya sayar, ba sai ya ƙera akwati da injin wuta da sauran tarkace ba, domin mai saye ya riga ya mallake su. Nan ne sirrin yake. A zamanin Moog kamfani sai ya gina gari sukutum; a zamanin Eurorack ɗaki ɗaya ya isa.

Ba shi kaɗai ne a fagen ba. Analogue Systems na Ingila ya fito da nasa 3U a kusan lokaci guda, amma da mahaɗin wuta dabam da ramukan sukuru da suka ɗan goce, har in ka jera su da na Doepfer sai ɗan gibi ya bayyana a tsakani. A Amurka akwai tsarin Frac na kamfanin PAiA, shi ma 3U, wanda kamfanin Blacet ya bi da wuta +15 da -15. Masu son manyan fuska suka rabu biyu: MOTM na Paul Schreiber daga 1998 yana auna faɗi da inci 1.75, Synthesizers.com na Roger Arrick a Texas ya riƙe faɗin Moog na asali. Tsayi ɗaya, filogi ɗaya, amma ba sa zama lafiya a kabad guda. Injiniyoyi da yawa za su ce maka volt 15 ya fi ba da sarari, babban filogi ya fi ƙarko, kuma gaskiyarsu. Na taɓa sa hannu a kan 5U, yatsuna suka sake, na ji bambancin nan take. Amma yawa ya rinjayi kyau. Da Make Noise da Tiptop Audio da Intellijel da Mutable Instruments suka shigo daga ƙarshen shekarun 2000, duk Eurorack suka nufa, domin can masu saye suke, masu saye kuma suka ƙara tururuwa domin can sassa suke. A 2015 kamfanin Moog da kansa ya fito da Mother-32 a ma'aunin Eurorack, Roland ma ya shigo. Manhajar VCV Rack ta 2017, wadda ke kwaikwayon sassan a kwamfuta ba ƙarfe ba sukuru, ita ma da HP take auna faɗin hotunanta.

Sai dai tun ran gini tun ran zane. Abin da Doepfer ya rubuta bayanin kayansa ne, ba doka ba, kuma babu wanda ke da ikon cewa wannan sashe ya cika sharaɗi, wancan bai cika ba. Mahaɗin wutar na asali fil ne tsirara, waya tana shiga ta kowace fuska. Wasu suka sa masa gida mai tsaga don ya shiga ta hanya ɗaya, amma sai aka samu wayoyin da aka matse a juye, tsagar ta zama ita ke kai mutum ga kuskure. Wasu masu ƙira suna sa kariya, kuma kariyar ba ta wuce ƙananan diyod biyu masu hana wuta bi a juye ba, wasu har yau ba sa sawa. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin abu ne na kuɗi ƙalilan, asarar kuwa a kan mai saye take faɗawa, galibi sabon shiga wanda bai san ma akwai tarko ba.

Sauran saɓanin ba sa ƙona komai, amma suna cin lokaci. Wani sashe yana fitar da umarnin "fara" da volt 5, wani da 8, wani da 10, wani kuma ba ya farkawa sai ya ji mai ƙarfi. Wani akwatin sukuru M3 yake ci, wani M2.5. Sassan dijital masu allo da ƙwaƙwalwa suna zuƙar wutar da ba a yi tunaninta ba a 1995, suna kuma zuba ƙara a layin da kowa ke sha daga ciki. Akwatuna marasa zurfi sun yi yawa, tsofaffin sassa masu dogon ciki ba sa shiga. Ga kuma tseren ƙanƙanta: tunda kowane HP kuɗi ne, sai a cusa mamurɗai shida da ramuka takwas a faɗin yatsu biyu, ka murɗa ɗaya ka ture na kusa da shi, wayoyi sun rufe rubutun.

Darasin bai hana a maimaita ba. Da aka ga amfanin ƙara siririn layi na 1U don ƙananan ayyuka, sai aka wayi gari da ma'auni biyu: na Pulp Logic mai tsayin milimita 43.18, da na Intellijel mai 39.65. Tazarar ba ta kai milimita 4 ba, amma ta isa ta hana sashe shiga, kuma dukansu "1U" ake rubutawa a talla.

Tsofaffin gidajen ba su rushe ba. Ana ci gaba da ƙera 5U da Serge da Buchla, kuma sababbi na fitowa, irin su AE Modular mai aiki tsakanin volt 0 da 5 da siraran wayoyi don rage tsada, da Kosmo mai tsayin santimita 20 wanda ya haɗa babban filogi da wutar Eurorack don masu haɗa nasu da hannu. A 2021 kuwa Tiptop Audio, da izinin kamfanin Buchla, ya fara fitar da sassan jerin 200 a ma'aunin Eurorack. An rage inci 7 zuwa milimita 128.5, an cire filogin ayaba, an mayar da lissafin sautin volt 1 ga oktaf, a bayan kowane sashe kuma an dasa fil ɗin da faffaɗar wayar nan mai jan layi za ta shiga.