Shaidar Inganci da Lasisin Tambari ga Masu Ƙera Na'urorin Bluetooth da Danginsu

Na'urorin sadarwa marasa waya na gajeren zango su ne irin su iyafis, sifika, agogon hannu da ke haɗuwa da wayar salula, linzamin kwamfuta, kwan lantarkin da ake kunnawa da waya, wato duk abin da ke magana da ɗan'uwansa ta iska a tazarar da ba ta da nisa. Kafin kamfani ya fito da irin wannan kaya kasuwa galibi izini biyu yake buƙata, kuma daga hannu biyu daban. Na farko na gwamnati ne, don iskar da saƙon rediyon na'urar ke bi ba mallakin mutum ɗaya ba ce. Na biyu na ƙungiyar da ta mallaki sunan ne da tambarin, kamar Bluetooth ko Wi-Fi ko Zigbee (tsarin da kayan gida irin su kwan lantarki ke magana da shi). Ƙananan masu ƙira da yawa a nan suke tuntuɓe, su samu ɗaya su ɗauka sun gama.

Ɓangaren gwamnati shi ne wanda ba a roƙo a kai. Bluetooth da Zigbee da babban kaso na Wi-Fi duk a zangon mitar rediyo na gigahaz 2.4 suke aiki, daga megahaz 2400 zuwa 2483.5, kuma mai amfani ba ya neman lasisi kafin ya kunna, amma fa nauyin sai ya koma kan wanda ya ƙera, shi zai nuna cewa na'urarsa ba ta wuce ƙarfin da aka yanka ba kuma ba ta watsa hayaniya a zangon wasu. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ce ke da wannan aiki a ƙarƙashin Sashe na 15 na dokokinta, ana gwada na'urar a ɗakin gwaji da aka amince da shi sannan a ba ta lamba, FCC ID, wadda dole ta bayyana a jiki ko a allon na'urar. A Tarayyar Turai dokar kayan rediyo ce ta 2014, wadda ta fara aiki a 2016, kamfani ya yi gwaji ya rubuta takardar shaida ya sa hannu sannan ya buga alamar CE, kuma a wannan zango iyakar ƙarfi miliwat 100 ce. Daga Agusta 2025 an ƙara wa kayan da ke hawa intanet sharuɗɗan tsaro na kare bayanan mutane. Japan na da alamarta ta Giteki, Koriya ta Kudu na da KC, Sin na da SRRC, kowacce sai an bi layinta.

To sai ɓangaren suna, wanda shi ne mutane ba su cika sani ba. Kalmar Bluetooth da wancan tambarin shuɗi mallakin wata ƙungiya ce, Bluetooth SIG, da kamfanoni biyar suka kafa a 1998, wato Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, hedikwatarta na Kirkland a jihar Washinton ta Amurka. Sunan kuwa laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald, tambarin kuma haruffa biyu ne na tsohon rubutun mutanen arewacin Turai aka haɗe, H da B. Ba wanda ke da ikon rubuta sunan nan a kwalin kayansa sai ya zama mamba, kuma kamfani ne ke shiga, ba mutum a karan kansa ba. Wajen shiga ana sa hannu a yarjejeniya biyu, ɗaya ta tambari ɗaya ta haƙƙin ƙirƙira, kuma ta biyun nan ita ce gishirin tsarin gaba ɗaya: kowane mamba ya yarda sauran su yi amfani da fasaharsa da ke cikin ƙa'idar Bluetooth ba tare da biyan kamasho a kan kowace na'ura ba. Amma wannan sassauci kayan da suka bi ta tantancewa kawai ya shafa. Wanda ya tsallake tantancewa ya rasa sunan ya kuma rasa wannan inuwar.

Ita tantancewar ya danganta da yadda aka haɗa na'urar. Wanda ya ƙera rediyonsa daga tushe sai ya kai gwaji, wasu gwaje-gwajen a ɗakunan da ƙungiyar ta amince da su, wasu kuma da manhajarta mai suna PTS, a duba ko na'urar na tsalle tsakanin tashoshi yadda ya kamata, tashoshi 79 a tsohon samfurin, 40 a samfurin mai ƙarancin cin batir da ya zo da Bluetooth 4.0 a 2010. Wanda kuma ya sayi modul, wato ƙaramin allon rediyo haɗaɗɗe, da aka riga aka tantance ya liƙa a allonsa bai canza komai ba, galibi ba sai ya sake gwaji ba, zai dai ambaci lambar ƙirar modul ɗin. Sai dai duk da haka sai ya yi rajistar kayan da sunan kamfaninsa ya biya kuɗin, wanda ke kaiwa dubban daloli. Haka ma ɗan kasuwan da ya sayo sifika daga wata masana'anta ya buga mata sunansa, rajistar masana'antar ba ta isar masa, tunda sunansa ne a jiki. Gaskiya kuɗin nan na da nauyi ga mai ƙaramin jari da zai fitar da guda ɗari biyu ko uku, kuma abu ne da ya kamata a ce ana dubawa, amma ba don tantancewar ba da iyafis ɗin wannan kamfani ba zai riƙa haɗuwa da wayar wancan cikin daƙiƙa kaɗan ba. Ƙungiyar tana bibiyar kasuwa, kuma tunda tambarin na da rajista, kwastan na iya riƙe kayan da ke ɗauke da shi ba izini.

Har a ɓangaren gwamnati ma modul ba ya wanke komai. Izininsa na tare da irin eriyar da aka gwada shi da ita, in aka sa wata mai ƙarfi fiye da ita to magana ta koma sabuwa, kuma sauran kayan lantarkin da ke kewaye da shi su ma sai an gwada hayaniyarsu.

Wi-Fi tsarinsa ya ɗan bambanta. Ƙa'idar ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ce, mai lamba 802.11, wadda ta fito a 1997, ita kuma Wi-Fi Alliance da aka kafa a 1999 tambari da gwajin jituwa ne nata. Kamfani na iya sayar da na'ura mai aiki da 802.11 ba tare da ya je wurinsu ba, abin da ba zai iya ba shi ne buga tambarin Wi-Fi CERTIFIED. Sannan babu waccan yafiyar kamasho, shi ya sa aka sha shari'a a kan haƙƙin ƙirƙira, kamar yadda hukumar bincike ta Ostireliya CSIRO ta karɓi maƙudan kuɗi daga manyan kamfanoni a 2009 da 2012.

Ƙungiyar Zigbee ta 2002 ta koma Connectivity Standards Alliance a 2021, ita ta fitar da ƙa'idar sadarwa mai suna Matter a 2022 don kayan cikin gida, kuma a nan shaidar ta bar kan kwali ta shiga cikin na'urar kanta. Kowace na'ura ana dasa mata satifiket na dijital tun a masana'anta, lokacin da mai gida zai haɗa ta da wayarsa manhajar sai ta duba satifiket ɗin tukuna, in bai inganta ba ta gargaɗe shi ko ta ƙi karɓar na'urar.