Ga Miji, Ga 'Ya'ya, Ga Aiki: Ina Mace Za Ta Sa Karatu?

Wanda ya leƙa cibiyar karatun malamai ranar Asabar, ko ajin yamma na matan aure, zai gan su: wata da goyo a baya, wata ta taso daga aikin dare a asibiti, wata kuma 'yarta ta fari tana jami'a. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan mata suka fi yi, wasu kafin a shiga, wasu bayan ruwa ya kai wuya.

Na bar makaranta tun kafin aure. Ta ina zan koma?

Ta inda kika tsaya. Idan karatu da rubutun boko ne ba ki samu ba, ko a firamare aka cire ki, hukumar ilimin manya ta jiharku ce ƙofarki. Kano ta kafa tata a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya ta kafa ta ƙasa a 1990, kuma iyayenmu har yau "yaƙi da jahilci" suke ce wa ajin, sunan da ya samo asali tun shekarun 1950. Cibiyoyin mata da yawa suna haɗa darasi da ɗinki ko saƙa.

Idan kin gama sakandare takardar ce ba ta cika ba, ba sai kin sake sa kayan makaranta ba. Akwai jarrabawar NECO da ta WAEC ta 'yan waje. Abin da manyan makarantu ke nema shi ne kiredit 5, ciki har da Turanci da lissafi, kuma da yawansu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Wadda lissafi kaɗai ya kayar, a kan lissafi za ta zuba ƙarfinta.

Wanne ya fi wa mai iyali sauƙi, karatu daga gida ko zuwa aji?

Nan ne mata da yawa ke yin kuskuren zaɓi. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shehu Shagari, aka dakatar a 1984, sannan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita, tana ba ki littattafan darasi ta intanet, ki yi ayyukan gwaji masu maki 30, ki je cibiya ki rubuta jarrabawa mai maki 70. Cibiyar malamai ta NTI da ke Kaduna, wadda ke aiki tun 1976, tana yin NCE ta hanyar haɗuwa a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu. ABU Zariya tana da sashen karatu daga nesa, Jami'ar Bayero kuma tana da karatun wucin gadi na ma'aikata.

A kunne, karatu daga gida ya fi daɗi: babu kuɗin mota kullum, babu neman izinin fita. Amma mace idan tana gida, a idon kowa tana nan. Yaro zai zo da kuka, maƙwabciya za ta yi sallama, mai kawo ruwa zai ƙwanƙwasa ƙofa, kuma babu wanda zai ga littafi a hannunki ya ce a ƙyale ta tana aji. Babu kuma malamin da zai kira suna ya ga ba kya nan. Don haka wadda ke gidan yawa, ko mai ƙananan yara uku, sau da yawa ajin da zai fitar da ita daga gida na awa huɗu ya fi mata albarka a kan mako guda na "zan karanta in na samu sarari". Karatu daga nesa ya fi dacewa da wadda ke da ɗakin da za ta rufe, ko ofis da za ta zauna bayan an tashi.

Maigida ya ce ya yarda. Ba shi ke nan ba?

A'a. "Na yarda" ta ranar da aka sayi fom daban, ta ranar da ya dawo ya tarar ba a sauke tuwo ba daban. Kafin a biya ko sisi, ku zauna ku warware maganar filla-filla: ranar Asabar wa zai zauna da yara, makon jarrabawa me za a ci, wa zai ɗauko 'yan makaranta, kuɗin mota daga aljihun wa. Idan akwai abokiyar zama, batun musayar ranar girki a lokacin jarrabawa a yi shi tun da wuri, da girmamawa, kuma ke ma ki shirya ramawa ranar da tata buƙatar ta taso. Hajiya kuwa, uwar miji, gara ta ji daga bakin ɗanta kafin ta ji a gidan suna.

Ga mai ganin abin baƙo ne, tarihi yana nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru: jajoji, galibinsu dattawan mata, su zo wajenta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su koyar da matan da hidimar gida ta hana fita. Tun a lokacin an san nauyin da ke kan matar aure, sai aka gina tsarin ya zagaye nauyin.

Abu ɗaya da nake ƙi: uwa ta koma makaranta, aikin gida duka ya faɗo kan 'yar fari, har ita ta fara makara ko fashi. An toshe rami an haƙa wani ke nan. 'Ya'ya maza ma suna da hannun wanke kwano da shara.

To yaushe zan yi karatun, alhali tun asuba ban zauna ba?

Ba za ki samu lokacin da ba kowa a cikinsa ba. Sai kin cire wani abu. Ga mafi yawan mata abin da ke fita shi ne wani kaso na biki da suna da kamu da yini. Ba a ce ki yanke zumunci ba, amma ba kowane taro ne sai an gan ki tun farar safiya ba. Ki je gaisuwar mutuwa da dubiya, ki yi barka ta waya inda waya ta wadatar, ki faɗa wa dangi gaskiya cewa kina makaranta. Za a yi ƙorafi shekarar farko, daga baya a saba.

Sannan kaɗan kullum ya fi tari rana ɗaya. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma maimaici a tsattsinke yana rage ta. Mahaddata sun riga shi sani, shi ya sa ba sa barin tilawa sai ranar musabaƙa. Minti 40 bayan sallar asuba, ko da hantsi yara sun tafi, ya isa idan ya ɗore. Ki naɗi muryarki kina karanta muhimman wurare, ki saurara kina yankan alayyahu. Ranar da aka kawo wuta ki sauke littattafan a waya. Inda tsari ya ba da dama, ki ɗauki darussa kaɗan a zango; ƙarin shekara ɗaya bai kai zafin faɗuwa darasi uku ba.

Idan na rage barci fa, na riƙa karatun dare?

Makon jarrabawa kowa yana yi. A mai da shi al'ada ne ba ya ɓullewa. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Wadda ta kwanta ƙarfe ɗaya ta tashi huɗu da rabi tana karantawa ne tana zubarwa.

Kuma ba kowace gajiya ce ta karatu ba. Jiri da haki da kasala ga mai ciki ko mai shayarwa na iya zama ƙarancin jini, gwajinsa kuma ba tsada. Ciwon kai mai naci, a auna hawan jini. Wadda ta haura 40 tana ganin rubutu yana dushewa, tana nisanta takarda da ido, yawanci tabarau ne kawai take buƙata, ba wai kanta ne ya toshe ba. Idan kuwa ƙunci da rashin jin daɗin komai da yawan kuka suka wuce mako biyu, a ga likita, kada a tsaya ga "ki yi haƙuri".

Wurin aiki da kuɗi fa?

Ma'aikaciyar gwamnati ta nemi amincewa a rubuce kafin ta fara, in ba haka ba tana iya kawo takardar a ƙi lissafa ta wajen ƙarin girma. Hutun shekara kuma a ajiye shi ya faɗo kan jarrabawa. Kuɗin rajista ba shi ne duka ba: akwai data, buga takardu, mota, kuɗin jarrabawa, da na kundin bincike a shekarar ƙarshe. Idan kina adashi, ki roƙi uwar adashi kwasarki ta zo daidai da watan rajista. Mai sana'a kada ta taɓa jari.

Ciki ya zo a tsakiyar karatu. In daina?

Ki jingine, kada ki ɓace. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan ta koma. Ma'aikatan tarayya suna samun mako 16, Jihar Kaduna kuma ta mai da na ma'aikatanta wata 6 a 2019. Wannan duk na wurin aiki ne. Makaranta ba ta san kin haihu ba sai kin rubuta. Idan lissafin watanki ya nuna haihuwa ko kwanakin wankan jego za su haɗu da jarrabawa, ki kai takardar neman jingine zango ga shugaban sashe ko jami'in cibiya tun kafin a rufe rajista, ki haɗa da katin awo, a buga miki hatimi a kwafi ɗaya ki adana. Wadda ta yi rajistar darasi ta ƙi zuwa jarrabawa ba tare da wannan takarda ba, faɗuwa ake rubuta mata, kuma makin yana bin sakamakonta har ranar kammalawa.