Waiwaye: Yadda talla ya samu gurbi a cikin bidiyon intanet

Kana kallon wasa kai tsaye a waya, an tafi hutun rabin lokaci, sai allo ya yi baƙi, ɗan zoben nan ya kama juyawa. Can sai talla ya fashe da ƙarar da ta ninka ta wasan. Wannan 'yar tangarɗa ta shekara da shekaru tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya, kuma asalinta tambaya biyu ce: wa zai zaɓi tallan, a ina kuma za a haɗa shi da bidiyon?

A talabijin amsar ba ta da wuya. Ranar 1 ga Yulin 1941 tashar WNBT ta New York ta nuna tallan agogon Bulova, kowa ya ga abu ɗaya a lokaci ɗaya. Da tashoshin kebul suka yawaita a Amurka, sai uwar tasha ta buƙaci hanyar gaya wa masu rarrabawa cewa ga gurbin da za su saka nasu tallan. Da fari ƙara ake turawa, irin ta danna lambobin tarho. A 2001 aka fito da alamar dijital mai suna SCTE-35, wadda ke cewa hutu zai fara a daƙiƙa kaza, tsawonsa kaza. Har gobe, mai haɗa sabar talla (kwamfutar da ke zaɓar talla ta aiko da shi) da shirin kai tsaye daga wannan alama yake farawa. In ba ta zo daidai ba, komai ya rushe.

Intanet kuwa ta wata ƙofa ta shigo. A 1994 shafin HotWired ya maƙala tallan AT&T, daga nan aka samu kamfanoni irin su DoubleClick da aikinsu kawai shi ne zaɓar tallan da ya dace da mai kallo cikin ƙiftawar ido. Google ya sanar da sayen DoubleClick a 2007 kan dala biliyan 3.1, 'yan watanni bayan ya sayi YouTube a ƙarshen 2006.

Amma a fagen bidiyo kowa da kiɗansa yake rawa. Kowace manhajar kunna bidiyo da yarenta, kowace sabar talla da nata, sai an zauna an yi musu tafinta ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar kamfanonin tallan intanet, IAB, ce ta raba gardama a 2008 da tsarin VAST. 'Yar takarda ce da sabar talla ke mayarwa idan an tambaye ta: ga adireshin fayil ɗin tallan, ga tsawonsa, ga kuma adiresoshin da za a taɓa idan ya fara, idan ya kai rubu'i, rabi, rubu'i uku, da kuma ƙarshe. Da waɗannan taɓe-taɓen ake ƙirga kuɗi. A 2012 aka ƙara VMAP, mai tsara inda hutu zai faɗo: kafin shiri, tsakiya ko bayansa.

A wancan zamani na'urar mai kallo ce ke ɗaukar kayan duka. Ita za ta tsayar da shiri, ta roƙi talla, ta jira, ta kunna, sannan ta koma. Nan ɗan zoben ya samo asali. Kuma tun da roƙon daga burauza yake fita zuwa sanannen adireshi, manhajojin toshe talla irin su Adblock Plus, da ya bayyana a 2006, suna tare shi a hanya. Tsarin VPAID, wanda ya bai wa mai talla damar cusa nasa umarnin cikin manhajar kunnawa, a ganina ya ƙara dagula lamarin ne, don nauyi da jinkiri ya jawo. Ga shi mafi yawan ginin a kan Flash yake, tsarin kunna bidiyo a burauza wanda Apple ya ƙi bari ya hau iPhone, aka kuma binne shi a ƙarshen 2020.

Mafitar ta ɓullo daga yadda ake aika bidiyon kansa. Tsare-tsaren aika bidiyo guda biyu, HLS na Apple a 2009 da DASH a 2012, sun gutsuttsura shiri zuwa yankuna na 'yan daƙiƙu, tare da jerin da ke cewa wannan na bin wannan. To me zai hana saba ta gyara jerin, ta ɗinke yankunan talla a tsakiya, kowane mai kallo da nasa? Na'ura ba ta ma san an sauya ba. Amazon ya fito da MediaTailor a 2017 don wannan aiki, Google ma yana da nasa cikin Ad Manager.

Ɗinkin nan yana da sharuɗa. Dole a sake sarrafa fayil ɗin tallan ya yi daidai da shirin a girman hoto da ƙarfin sauti, shi ya sa VAST 4.0 na 2016 ya tanadi gurbin kawo asalin fayil mai inganci. Idan hutu na daƙiƙa 120 ne amma tallan da aka samu na 90 ne, sai an tanadi allon cike giɓi. A shirin kai tsaye kuma dubban masu kallo ne ke isa hutu tare, duk roƙon ya sauka kan sabar talla lokaci guda, don haka ake yanka mata wa'adin amsawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirga. Yanzu duk roƙo daga sabar ɗinki yake fitowa, sai ta miƙa adireshin intanet na mai kallo da nau'in na'urarsa, mai talla kuma ya yarda da maganarta. 'Yan damfara sun gano wannan ɓaraka. A 2020 kamfanin tsaron intanet na White Ops ya fallasa wata ƙulla-ƙulla da ya kira ICEBUCKET, inda aka kafa sabobin ƙarya suna cewa miliyoyin mutane na kallon talabijin mai intanet, alhali babu kowa.

Daga baya aka fara komawa tsakiya, ana raba aikin tsakanin saba da na'ura. A 2021 Apple ya shigar da wata hanya cikin HLS inda saba ke nuna gurbin hutu kawai, na'ura kuma ta ɗauko tallan idan lokaci ya yi. Netflix ma, da ya daɗe yana ƙin talla, ya buɗe tsari mai talla a Nuwamban 2022, da fasahar Microsoft ya fara.