Karatun Likitan Dabbobi a Amurka da Tallafin Tsiraru: Amsar Tambayoyin da Suka Ƙi Ƙarewa

Tambayoyin nan su ne matasa da iyayensu suke ta maimaita mini kowace shekara idan lokacin neman gurbi ya matso. Na tattara su wuri guda domin wanda zai sake tambaya ya fara karantawa tukuna.

Shekara nawa karatun yake ɗauka?

Galibi shekara 4, bayan an gama digirin farko, wanda shi ma yakan ci 4. 

Malam, tun ina ƙarami nake son dabbobi. Wannan bai isa dalili ba?

Bai isa ba, kuma ina roƙonka kada ka buɗe takardar neman gurbinka da wannan magana, domin kusan kowa da ita yake buɗewa. Makarantun da aka amince da su a faɗin Amurka 30 ne da 'yan kai, masu nema kuwa dubbai ne, kuma duk cikinsu babu wanda zai ce ya tsani dabba. Abin da masu tantancewa suke son gani shi ne ka taɓa tsayawa a bayan likita yana aiki, ka ga jini da kashi, ka ga yadda ake gaya wa mai dabba cewa babu sauran magani sai dai a sauƙaƙa mata mutuwa, sannan ka dawo washegari. Rabin aikin nan da mutane ake yin sa, musamman mutumin da ba shi da kuɗin biyan magani. Wanda ya zaɓi dabbobi don yana gudun mutane ya yi kuskuren sana'a.

To wane dalili ne mai ƙarfi?

Wanda ka gani da idonka. Akwai masu shigowa saboda cututtukan da ke tsallakawa daga dabba zuwa mutum, irin su haukan kare da murar tsuntsaye, wadda a 2024 ta ɓulla a cikin shanun madara a Amurka. Akwai masu shigowa saboda duba lafiyar nama a mayanka, aikin da ma'aikatar noma ta tarayya take ɗaukar likitoci da yawa dominsa. Akwai kuma 'ya'yan karkara da suka ga makiyayi yana tafiya mai nisa kafin ya sami likitan shanu. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin bushiya, annobar nan ta shanu, ya san darajar aikin nan, domin likitocin dabbobi ne suka bi ta da rigakafi har aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011.

Me ya sa ake maganar tallafi na musamman ga tsiraru?

Saboda wannan sana'a tana cikin waɗanda Turawa suka fi mamayewa a Amurka: kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin dabbobi farar fata ne, baƙaƙe kuwa ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Abin yana da asali. A zamanin wariya makarantun kudancin ƙasar ba sa karɓar baƙar fata, shi ya sa Frederick Douglass Patterson, wanda shi kansa likitan dabbobi ne kuma shugaban Tuskegee, babbar makarantar baƙaƙe a jihar Alabama, ya tsaya aka buɗe makarantar likitan dabbobi a can a 1945. Har yau mafi yawan baƙaƙen likitocin dabbobi na Amurka daga nan suka fito. Shi ne kuma ya kafa asusun United Negro College Fund, mai tallafa wa karatun baƙaƙe, a 1944.

Zan iya kauce wa kare da alade?

A'a. Jarrabawar samun lasisi, NAVLE, tana tambaya a kansu, kuma za ka taɓa su a aji. Bayan ka gama sai ka zaɓi shanu, ko dawaki, ko kaji.

Ni baƙar fata ne. Ke nan tallafin tsiraru ya shafe ni?

Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, saboda haka a karanta a hankali. Amsar ta danganta, kuma abu na farko da ta danganta da shi takardarka ce, ba launin fatarka ba. Yawancin tallafin da ke fitowa daga gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne; wasu shirye-shiryen sukan karɓi mai takardar zama ta dindindin, wasu ba sa karɓa. Wanda ya shigo daga Kano ko Maraɗi da bizar ɗalibi, a idon makaranta ɗalibin waje ne, ba ɗan tsiraru ba, ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, kuma galibi kuɗin makaranta mafi tsada zai biya. Ɗan da aka haifa a can kuwa, ko da iyayensa baƙi ne, matsayinsa daban ne.

Abu na biyu, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin wannan batu. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ba da gurbi. Hukuncin a kan gurbi yake, amma jami'o'i da dama sun ji tsoro, sun sake rubuta sharuɗɗan tallafinsu, wasu ma sun dakatar da shi. Abin da a da ake cewa na tsiraru ne, yanzu za ka iske an ce na wanda shi ne farkon shiga jami'a a gidansu, ko na mai ƙaramin ƙarfi, ko na wanda ya yi alkawarin aiki a yankin da babu likita. Kada wannan ya karya maka gwiwa, domin sau da yawa mutanen da ake nufi ba su canja ba, sai dai dole ka karanta sharaɗin bana, ba wanda yayanka ya gani shekara 5 da suka wuce ba.

Akwai shirye-shiryen da tun asali ba da launin fata suke tafiya ba, da makaranta suke tafiya. Misali shi ne tallafin ma'aikatar noma ga ɗaliban jami'o'i 19 na baƙaƙe da suka samo asali daga dokar 1890, cikinsu har da Tuskegee. Yana biyan kuɗin makaranta da littattafai da masauki da abinci, amma na digirin farko ne, sai ɗan ƙasa, kuma akwai sharaɗin yi wa ma'aikatar aiki daga baya. A farkon 2025 an dakatar da shi na ɗan lokaci kafin a sake buɗewa, abin da ya isa ya nuna maka cewa ba a gina shiri a kan tallafi guda. Sauran tallafin ƙungiyoyi da kamfanoni yawanci 'yan dubban daloli ne: suna rage nauyi, ba sa sauke shi. Shawarata ita ce ka rubuta wa ofishin tallafin kuɗi na kowace makaranta, ka faɗi matsayin takardarka a fili, ka nemi amsa a rubuce.

Amma ai aikin yana da kuɗi?

Yana da rufin asiri. Sai dai bashin karatu yakan haura dala 150,000, albashin kuma bai kai na likitan mutane ba. Ka nemi makarantar jiharka, inda kuɗin ya fi sauƙi. Akwai kuma shirin ma'aikatar noma da ke biya wa likita wani ɓangare na bashinsa idan ya yarda ya yi shekara 3 a yankin da ake ƙarancin likitoci.

Na gama karatun likitan dabbobi a Zariya. Sai na sake karatu daga farko?

Kwantar da hankalinka, ba sai ka sake ba. Akwai hanyar tantance likitocin waje, ECFVG ko PAVE, sannan ka zauna NAVLE. Tana cin lokaci da kuɗi, kuma tallafin ɗalibai bai shafe ta ba.

Za ka duba mini takardar neman gurbina?

Idan ta fara da labarin kyanwar gidanku, a'a.